FILIN ƘARA SANI: ABIN DA KE SA GISHIRI YIN KUKA A ABIJAN

Darasinmu na wannan fitowa a kan gishiri yake. Wani zai ce ina ruwan mai sayar da sa da sha'anin gishiri? To ai da ruwansa. Da shi muke yi wa dabba lasa a turke, da shi muke tsare ƙirgi kada ya ruɓe, kuma da yawa cikinmu in mota ta sauke shanu ba ta komawa Arewa wayam, akan ɗoro 'yan buhuna daga Tireshbil ko Ajame don a rage kuɗin hanya.

Sanin kowa ne kantun da zai shekara a rumfa a Agadas ko Damagaram bai ce uffan ba, in aka kawo irinsa bakin teku sai ya fara zufa. Haka kuma buhu biyu a mangaza guda, ɗaya yana nan garas, ɗayan yana tsiyayar ruwa har ya ɓata daɓe. Hausawa sun ce gishiri ya yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. To amma ba kowane gishiri ke jin kunya daidai da ɗan'uwansa ba. Bambancin yana cikin abin da ya gauraya da shi tun ranar da ruwansa ke ƙafewa, kuma ana iya karanta shi a fuskar ƙwayarsa.

YADDA ƘWAYAR GISHIRI KE GINUWA

Lita guda ta ruwa tana iya narkar da gishiri kamar gram 360, daga nan ta ƙoshi. Ko an ɗumama ruwan, abin da zai ƙara ɗauka kaɗan ne. Idan rana da iska suka fara kwashe ruwan nan, gishirin da ya rasa mazauni sai ya fito ya zama ƙwaya.

Gishiri tsantsa, in ya sami natsuwa, siffa guda yake ɗauka: fuska shida, kusurwa a tsaye, kamar dunƙulen Maggi. Ginuwarsa kuwa tamkar aikin magini ne, jeri bisa jeri. In an duba fuskar ƙwaya da madubin ƙara girma, za a tarar ba sumul take ba, matakala ce da ita ƙanana ƙanana. Duk ɗan ɓurɓushin da ya fito daga ruwa, lungun matakalar nan yake nema ya zauna, kamar yadda magini ke aza tubali a jikin wanda ya riga shi. Jeri ya cika, a tashi wani.

To a nan baƙon abu ke shigo da ɓarnarsa. Idan akwai wani abu daban a cikin ruwan, shi ma lungun yake nema. Ya zauna, ya tare wurin, jeri ya tsaya ko ya karkace. Daga nan fuskar ƙwaya sai ta yi kaushi, ko kusurwarta ta dakushe, ko siffar ta sake gaba ɗaya. Tun a shekarar 1783 wani masani Bafaranshe mai suna Romé de l'Isle ya lura cewa gishirin da ya ƙafe cikin ruwan da ke da fitsari ba ya fitowa da fuska shida, sai takwas, kamar an haɗa dalar gyaɗa biyu gindi da gindi. Abin da ke jawo haka shi ne yuriya, watau sinadarin nan da muka sani a buhun takin zamani, wanda akwai shi cikin fitsari.

Gaggawa ma tana da nata aibin. In ruwa ya ƙafe da sauri, gefen ƙwaya yakan riga tsakiyarta girma, sai ta fito da rami kamar ɗan akushi mai matakala a ciki. Wani lokaci ginin ya rufe bisa ɗigon ruwa, ya kulle shi a ciki. Shi ya sa in aka watsa gishiri mai tsakuwa a garwashi ake jin yana tas-tas: ruwan da ke kulle ne ya zama tururi ya fasa ɗakinsa.

RUWAN TEKU DA JERIN ABIN DA KE FITA CIKINSA

Gishirin buhu da muke saye a Abijan galibi na teku ne, ta jirgin ruwa yake shigowa. Tashar jiragen ruwan Abijan ta samu ne bayan an haƙa mashigin Biridi a 1950, kuma Tireshbil ce ke jikinta, shi ya sa manyan mangazu suka taru a can. Ƙasar Sanagal ita ce kan gaba wajen gishiri a Afirka ta Yamma, musamman wajen Kaulaha, a bakin kogin Salum. Gana ma tana da nata a tafkin Songor, kusa da Ada.

A kowace lita ta ruwan teku akwai narkakkun abubuwa kamar gram 35. Cikinsu wajen gram 27 ne gishirin ci. Sauran kuwa 'yan rakiya ne, kuma kowanne da lokacin fitarsa. A ce an tare lita 100 a fili ana shanyawa:

Da fari alli ne ke kwantawa, ɗan kaɗan.

In ruwa ya rage wajen lita 20, sai jibsin ya fara fita, wato farin dutsen nan da ake sawa cikin siminti.

Sai ya rage wajen lita 10 kafin gishirin ci ya fara zuba.

In ya rage lita 2 ko 3, abin da ya saura ruwa ne mai kauri, mai santsi a hannu, mai ɗaci a baki. Sinadarin maganiziyam ne ya yi masa yawa. Shi za mu riƙa kira ruwan ɗaci a wannan darasi.

Kun ga ke nan aikin mai gishiri na ƙwarai shi ne raba su. Yana da fili fiye da ɗaya: a na farko alli da jibsin su kwanta, ya tura ruwan gaba, gishiri ya zuba a na ƙarshe, kana ya zubar da ruwan ɗaci tun bai bushe ba, ya wanke abin da ya kwasa da ƙosasshen ruwan gishiri, ya tara shi tsibi ya tsane. Mai gaggawa kuwa rami guda gare shi, ya bari kome ya bushe tare, ya kankare har da laka, ya ɗura a buhu. Duka biyu sunansu gishiri, amma halinsu ba ɗaya ba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a gane. Ruwa mai gishiri ya fi ruwan daɗi nawar ƙafewa, don gishirin yana riƙe shi. Ruwan ɗaci kuwa ya fi duka riƙo. Saboda haka in ya saura a jikin ƙwaya, ba ya bushewa sarai, yana nan kwance a fuskarta da cikin ramukanta kamar mai.

LAIMAR ABIJAN

Masana suna auna laimar iska da kashi cikin 100. Gishiri tsantsa ba ya fara jan ruwa daga iska har ya narke sai laima ta kai kashi 75. Amma gishirin maganiziyam da ke cikin ruwan ɗaci, tun daga wajen kashi 33 yake fara sha. Tazarar ba kaɗan ba ce.

A ƙasashenmu na Arewa, da rani da hunturu, laima takan sauka ƙasa da wannan duka, shi ya sa ko gishiri mai datti yakan zauna lafiya, asirinsa a rufe. Abijan kuwa tana tsakanin teku da tafki, laimarta takan wuce kashi 80 a yawancin shekara, balle cikin babbar damina ta watan Mayu zuwa Yuli da ƙaramar ta Oktoba da Nuwamba. A irin wannan iska ko gishiri mai kyau in an bar shi a buɗe zai jiƙe. Marar kyau kuwa tun a hanya ya fara. Wannan ne ma dalilin da ya sa shanya ruwan teku ba ta yin albarka a wannan gaɓar kamar yadda take yi a Kaulaha ko Ada, inda iska ta fi bushewa.

Ga yadda buhu ke zama dutse. Da dare laima ta hau, fuskar kowace ƙwaya ta ɗan narke. Da rana zafi ya taso, ruwan ya ɗan ƙafe, gishirin da ya narke ya sake ginuwa, amma a wannan karo a tsakanin ƙwaya da maƙwabciyarta, ya haɗa su kamar walda. Yau haka, gobe haka, ga nauyin buhunan sama yana dannawa. Bayan 'yan makonni sai da taɓarya.

Gishirin leda na masana'anta da ba ya dunƙulewa, shi ma da baƙon abu aka yi masa dabara. Akwai wani magani mai suna ferosayanayid da ake sa masa ɗan mitsitsi. Yakan zauna a matakalar nan da muka faɗa, sai haɗin da zai tsiro tsakanin ƙwayoyi ya fito tsilli-tsilli marar ƙarfi, da an taɓa ya ruguje. Don ku san ƙanƙantarsa, dokar Tarayyar Turai ba ta yarda ya wuce gram 20 cikin ton guda na gishirin ci ba. Ashe ba yawan baƙon abu ne magana ba, irinsa ne da inda ya zauna.

GISHIRIN GIDA

Iyayenmu ba su san kashi cikin 100 ba, amma sun rarrabe gishiri da suna, kowanne da amfaninsa.

Na Balma da Fashi, can cikin hamada gabas da Agadas, a ramuka ake yin sa. Rana tana da ƙarfi ƙwarai a wurin, har ɓawo ke rufe saman ruwa. In aka bar ɓawon nan sai ya zama murfi, ƙafewa ta tsaya. Don haka masu aikin ke farfasa shi a kai a kai, ya nutse, ruwa ya sake ganin rana. Farin da ya fito tsaf shi ne beza, na miya. Wanda ya gauraya da ƙasa kuwa, shi ake cuɗawa a zuba a kututturen dabino da aka rarake, ya fito kantu, na dabbobi. Ayarin Buzaye ne ke ɗauko shi bisa raƙuma. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ayarin gishiri ya biyo daga Azbin a ƙarshen 1850, ya shiga Kano a farkon 1851.

Na Tagidda, arewa da Ingal, daga ƙasa mai gishiri ake tace shi a shanya, launinsa ja-ja saboda laka. Yankin ne makiyaya ke kai garke lasa a ƙarshen damina.

Mangul na ƙasar Manga da gishirin Foga na wajen Gaya, tacewa ake yi a dafa a wuta har ya ƙafe. Dafuwa kuwa ba ta zubar da kome, duk abin da ke cikin ruwan yana cikin dunƙulen.

Gallo, wanda ke fitowa Tawdanni a arewacin Mali ya biyo ta Tambutu da Mofti, sassaƙo shi ake yi falle-falle daga ƙarƙashin ƙasa, inda tsohon tafki ya ƙafe tun zamanin da. Ya daɗe a danne, ba shi da ƙofofin da iska za ta shiga, shi ya sa yake da jimiri.

Kanwa kuwa, ko ungurnu ce ko ja, ba gishirin ci ba ce, 'yar'uwarsa ce kawai. Tana da nata amfani ga dabba, amma ba ta maye gurbinsa.

A lura, laka a jikin kantu ba ha'inci ba ce, haka ake yin sa, kuma kowa ya san abin da ya saya. Ha'inci shi ne a sayar maka da ruwa da yashi da sunan farin gishiri.

INDA ABIN KE TAƁA ALJIHUNMU

Na farko, nauyi. A ce buhu mai kilo 50, cikinsa kilo 4 ruwa ne, kilo 1 yashi. In ka ɗora buhu 100, ka biya kuɗin kilo 500 na abin da ba gishiri ba, ka biya masa mota, ka biya masa duwan. Kafin ka kai Wagadugu ko Maraɗi iska ta shanye ruwan, sikelin mai saye kuwa ba ya ƙarya. Banda haka ruwan da ya tsiyaya yana cin ƙarfen bodin mota. Ma'aunin da hukumomin abinci na duniya suka aje shi ne gishirin ci kada ya kasa kashi 97 cikin 100 tsantsa bayan an fid da ruwansa.

Na biyu, lafiyar dabba. Babban sa gishiri kaɗan yake bukata, abin da bai wuce gram 30 zuwa 50 a yini ba. In busasshe ne, lasa zai yi ya bari. In kuwa ya narke ya taru a gindin komi, sha zai yi, kuma sha ba shi da linzami. Ruwan ɗaci ma yana saki ciki. Dangin gishirin nan ne da ake ba mutum don ya yi zawo. Haɗarin ya fi tsanani ga dabbar da ta kwana biyu ko uku a mota ba ruwa. Tun zamanin da jirgin ƙasa, wanda ya isa Wagadugu a 1954, ke sauke shanu a Abijan, har zuwa manyan motocin yau, ƙa'idar ba ta sake ba: dabbar da ta sauka da ƙishi, ruwa ake fara ba ta, kaɗan-kaɗan, a huta a ƙara, kada a sake ta ta cika ciki lokaci guda. Gishiri sai ta huce, kuma sai da ruwa a kusa. In aka ga sa yana rawar jiki, yana tangaɗi, yana kewaya wuri guda ko yana kamar ba ya gani, a nemi likitan dabbobi nan take.

A nan za mu ja kunnen masu ɗura wa dabba gishiri don ta sha ruwa cikinta ya taso kafin ciniki. Algus ne, addini ya hana, mahautan Abijan kuma ba yara ba ne. Sau da yawa ma kafin a yi cinikin san ya kwanta.

Haka nan dunƙulen lasa na zamani, wasu akwai yuriya cikinsu. Irin wannan in ruwan sama ya jiƙa shi dabba ta sha ruwan, yana kisa cikin ɗan lokaci. A karanta takardar jikinsa, a sa shi ƙarƙashin rufi. Kada kuma a zuba gishiri a tsohon buhun taki, kada a aje su wuri guda, don duka farare ne, yaro na iya kuskure.

Na uku, ƙirgi. Wanda za a babbake a yi ganda, wadda mutanen nan ke kira kplo, ba ruwansa da wannan. Amma wanda za a kai majema, aikin gishiri a jikinsa shi ne tsotse ruwa. Gishirin da ya riga ya ƙoshi da ruwa me zai tsotsa? Jibsin da tsatsa kuma suna barin tabo, manyan tsakuwa suna barin shaida a fata. Gishirin da aka taɓa amfani da shi, mai jini, kada a maimaita: akwai ƙwayoyin cuta masu son gishiri da ke sa ƙirgi ya yi ja-ja ta ciki, daraja ta faɗi.

Na huɗu, aidin. Ana sa shi a gishirin ci don maganin maƙoƙo, ga mutum da dabba. Danshi da datti da zafin rana suna rage shi. Mai kai wa iyali tsaraba ya kula.

GWAJI SHIDA KAFIN A BIYA

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ba a bukatar wani kayan aiki sai abin da ke hannu:

1. A zura hannu tsakiyar buhu, ba baki ba. A damƙa a saki. In ya watse, madalla. In ya dunƙule ko ya bar santsi a tafi, akwai ruwan ɗaci.

2. A ɗanɗana. Gishiri mai kyau zartsinsa ke zuwa ya wuce. In ɗaci ya biyo baya ya tsaya a maƙogwaro, a yi hattara.

3. A baza kaɗan bisa baƙin ƙyalle a duba da rana. Ƙwaya mai kusurwa, mai sheƙi, ta ginu cikin natsuwa. Mai dakusasshen gefe, mai duhu-duhu, mai manne da 'yar'uwarta, ta sha narkewa da bushewa.

4. A zuba cokali biyu a kwalbar ruwa a girgiza, a aje minti 10. Gishiri zai ɓace, yashi da laka da jibsin su kwanta a gindi kowa ya gani.

5. In sarin mai yawa ne, a auna kilo guda, a soya shi a busasshen kasko bisa wuta marar ƙarfi, a sake aunawa. Abin da ya ragu shi ne ruwan da za a sayar maka. Da shi za ka yi ciniki.

6. A ɗiga lemun tsami. In ya yi kumfa, akwai kanwa ko alli a ciki.

AJIYA

A shekarar 2024 hukumar birnin Abijan ta ta da turken dabbobi na Port-Bouët zuwa wani fili a Ajame, jama'a da dama suka sake rumfa da wurin ajiya. Duk inda mutum ya sami kansa, dokar ajiyar gishiri guda ce. Kada buhu ya taɓa ƙasa, a aza bisa katako. Kada ya jingina da bango. A fi son mai leda a ciki, a ɗaure baki bayan kowace ɗiba. Wanda ya fara shigowa shi ya fara fita. A komi kuwa a zuba na yini guda kawai, a huda gindinsa don ruwa ya wuce. Wanda zai tafi Arewa a lulluɓe shi da tamfol, a saye shi ana gobe tafiya, kada ya yi mako yana shan iskar tafki.

Muna roƙon shugabannin rassa su karanta wannan darasi a zaman mako, su sa a kawo gishiri iri biyu ko uku a yi gwajin nan a gaban kowa, musamman yaran da ke kwana da dabbobi, don su ne masu zubawa a komi. Gani ya kori ji.

Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa mai albarka, ya raba mu da asara. Amin. Sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.